Daga Ƙarfen Sabis Zuwa Wayar Ƙarƙashin Ƙasa: Yadda Murya Ke Isa Katanga

Manomin albasa a Aliero ba ya ɗora buhu a mota sai ya buga waya ya ji yadda farashi ya kwana. Mai POS a kasuwar Jega, jarinsa rabi kuɗi ne, rabi sabis. Matar da maigidanta ya tafi ci-rani ya bar ta a Katanga ko Maiyama, da wayar hannu take sanin ya sauka lafiya. Ranar da waya ta ƙi shiga kuwa, magana ɗaya ce a bakin kowa: "Sabis ya ɗauke." Ana faɗinta cikin sallamawa, sai ka ce abu ne da ba shi da dalili kuma ba shi da magani.

Alhali sabis aikin hannun mutane ne. Da awo aka gina shi, da awo kuma ake gyara shi. Abubuwa biyu ne ke riƙe da shi: eriya, wadda ke jefa saƙo cikin iska ta kuma cafko shi, da layi, wanda ke ɗauke da saƙon daga gindin ƙarfen sabis zuwa sauran duniya. Wanda ya fahimci waɗannan biyun ya fahimci yawancin abin da ke faruwa tsakanin bakinsa da kunnen wanda ya kira.

Me ya sa kowace eriya take da nata tsawo

A shekarun 1887 da 1888, Heinrich Hertz, malamin kimiyya a birnin Karlsruhe na Jamus, ya nuna cewa idan wutar lantarki ta yi ta kai-da-komo da sauri a cikin sandunan ƙarfe biyu, wani ƙarfi yakan fita daga jikinsu ya ratsa iska, har ya tayar da tartsatsi a wani zoben waya da ke can gefen ɗaki, ba tare da komai ya haɗa su ba. Wannan ƙarfin shi ne igiyar rediyo, sandunan kuma su ne eriya ta farko. Daga 1895 Guglielmo Marconi, ɗan Italiya, ya gano cewa idan ya ɗaga waya ɗaya sama sosai, ya binne ɗaya ɓangaren a ƙasa, saƙon yakan ƙara nisa. A watan Disamban 1901 ya sanar da cewa ya ji saƙo a St John's, a gaɓar ƙasar da take Kanada a yau, wanda aka turo daga Poldhu a Ingila, wato ya tsallake tekun Atilantika.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan, mai sauraron rediyo ya daɗe yana jin ta a kunnensa. Idan mai gabatarwa ya ce ana kama su a gajeren zango a kan mita 25 ko 31 ko 49, tsawon igiyar yake faɗa. Igiyar rediyo tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Gwargwadon yawan kaɗawarta a daƙiƙa, gwargwadon gajartarta. Tashar FM da ke kusa da megahaz 100 tana kaɗawa sau miliyan ɗari a daƙiƙa, tsawon igiyarta mita uku. Layin wayar salula na megahaz 900, igiyarsa kusan santimita 33 ce. Na megahaz 1800 kuwa, kusan santimita 17.

Eriya tana aiki sosai ne idan tsawonta ya dace da tsawon igiyar, galibi rabinsa ko rubu'insa. A wannan tsawon, wutar da ke kai-da-komo a cikin ƙarfen takan isa ƙarshensa ta juyo daidai lokacin da sabuwar turawa ke zuwa, sai su ƙarfafa juna. Idan tsawon bai dace ba, sai su riƙa cin karo, ƙarfin ya lalace a banza. Rubu'in mita uku santimita 75 ne, shi ya sa eriyar rediyon da ake zarowa take kai wajen wannan tsawo. Rubu'in santimita 33 kuwa bai fi santimita takwas da ɗoriya ba, shi ya sa eriyar waya za ta iya shiga aljihu.

Tsawon igiya yana kuma yanke hukunci a kan inda za ta kai. Gajeren zango yakan tashi sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa, dalilin da ya sa tun 1957 ake jin Sashen Hausa na BBC a ƙauyukan da ba su taɓa ganin turken lantarki ba. Igiyar salula ba ta wannan dawowar. Kusan a miƙe take tafiya, tudu yana tare ta, kwanon rufi yana mayar da ita, katanga mai kauri tana shanye wani kaso nata. Mai fita tsakar gida ko hawa tudu don ya amsa waya, hanya yake share wa igiyar. A cikin layukan salula kuma, masu doguwar igiya irin su megahaz 800 da 900 sun fi cin nisa da ratsa gini, shi ya sa su ne ginshiƙin sabis a karkara.

Dabarar maida ƙarfi gefe ɗaya

Sanda ɗaya a tsaye tana watsa ƙarfinta ko'ina, har inda babu mai buƙata. Babbar nasarar da ta biyo baya ita ce koya wa eriya fuskantar wuri guda. A 1926, Shintaro Uda da malaminsa Hidetsugu Yagi, a jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan, suka fito da wata dabara mai sauƙin ƙira. Sanda ɗaya kaɗai aka haɗa da waya. A bayanta aka sa wata da ta ɗan fi ta tsawo, a gabanta aka jera waɗansu da suka ɗan fi ta gajarta. Waɗannan sandunan ba su haɗe da komai, amma igiyar takan motsa wuta a cikinsu, su ma su sake fitar da ita. An auna tsawonsu da tazararsu ta yadda a gaba igiyoyin za su haɗu su yi ƙarfi, a baya kuma su kashe juna.

Ƙasashen Turai sun riga Japan cin moriyar abin. An ruwaito cewa sai da sojojin Japan suka ci Singafo a 1942, suka tarar da sunan Yagi a takardun wani ma'aikacin na'urar hango jirage na Ingila, sannan manyansu suka gane darajar abin da aka ƙirƙira a gidansu. Ita ce dai eriyar talabijin da muka sani a kan doguwar gora a bayan ɗaki. Duk wanda ya taso a zamanin wannan eriya ya san yadda ake yi: yaro a waje yana murza gorar a hankali, na cikin ɗaki suna kallon allo suna ɗaga murya, "Ƙara kaɗan! Koma baya! Tsaya nan, ya yi!" Abin da yaron ke yi, shi injiniya ke yi a kan ƙarfen sabis, sai dai shi da kamfas da na'urar awo.

Abin da ke kan ƙarfen sabis

Tun da Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan 2001, Glo ta biyo su a 2003, dogayen ƙarafan nan masu fentin ja da fari suka zama alamar gari. A tsaya a gindin ɗaya a ɗaga kai. Can ƙoli za a ga dogayen akwatuna farare a tsaye, galibi suna kallon fuska uku. Kowace fuska tana kula da kashi ɗaya cikin uku na da'ira, wato digiri 120. A cikin kowane akwati akwai ƙananan eriyoyi a jere daga sama zuwa ƙasa, da faifan ƙarfe a bayansu. Jerin nan yana matse igiyar ta bazu a kwance kan gari da gonaki, maimakon ta ɓata a sama.

Akan ɗan sunkuyar da akwatin ƙasa da 'yan digiri kaɗan. Wannan sunkuyawar ƙarama ce a ido, babba ce a aiki. Idan ta yi yawa, ƙauyen da ke nesa ya rasa sabis. Idan ta yi kaɗan, igiyar ta wuce kan na kusa ta je ta dami wani ƙarfen da ke amfani da igiya iri ɗaya. Iskar farkon damina tana iya karkatar da eriya ɗaya, unguwa guda ta wayi gari sabis ya raunana, alhali ƙarfen yana nan tsaye, janareta yana ruri. Eriyoyin zamani suna da ɗan inji a ciki da ake sauya wannan sunkuyawar daga ofis, ba sai an hau ba.

Nisa ma yana da iyaka ta fuska biyu. Ƙarfen yana da babbar murya, wayar hannu kuwa ƙarfinta bai wuce wat biyu ba. Saboda haka waya tana iya nuna sanda ɗaya ko biyu, ma'ana tana jin ƙarfen, amma shi bai ji amsarta ba. A tsarin GSM na asali kuma an ƙayyade tazarar da kilomita 35, domin bayan nan amsar wayar takan makara ta faɗa cikin lokacin wani. Akwai kuma ranar da sanduna suke cike amma kira ya ƙi shiga, musamman ranar kasuwa ko ranar Salla. Wannan cunkoso ne: kowace fuska tana da adadin da za ta iya ɗauka a lokaci guda.

A cikin wayar kanta an yi wani juyin. Wayoyin farko suna da ɗan ƙaho a ka. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Nokia ya shigar da eriyar ciki, kuma Nokia 3210 ta 1999 tana cikin waɗanda suka yaɗa salon. An lanƙwasa ƙarfen, an shimfiɗa shi a kan allon wayar, allon da kansa ya zama rabin eriyar. A wayoyin yau, siririn zanen da ke jikin murfi na ciki ko ƙarfen da ya kewaye wayar shi ne eriya, kuma ba ɗaya ba ce. Hannun mutum yana shanye igiya kuma yana sauya awon eriya, abin da ya jawo wa kamfanin Apple surutu a 2010, lokacin da aka ga sabis yana raguwa idan an riƙe iPhone 4 ta wani gefe. Mai gyaran waya da ya manta bai mayar da siririyar wayar eriya a maɓallinta ba bayan ya canja gilashi, zai mayar wa mai ita waya mai kyan fuska marar ji.

Yawan eriyoyin yana da dalili. Da can, igiyar da ta bugi gini ko dutse ta iso a makare matsala ce. Arogyaswami Paulraj da Thomas Kailath na jami'ar Stanford a Amurka, a wata ƙirƙira da aka yi musu rajistarta a 1994, suka nuna cewa idan mai turawa da mai karɓa duk suna da eriya fiye da ɗaya, za a iya raba saƙo gida-gida a tura a lokaci guda a kan igiya iri ɗaya, kowane kashi ya bi tasa hanyar, a tantance su a can. Da wannan dabara 4G da 5G suke samun saurinsu. 5G da MTN ta fara a Nijeriya a 2022 tana kan megahaz 3500, igiyarta ba ta kai santimita tara ba, don haka eriyoyi da dama suna shiga akwati ɗaya, har su iya nuna ƙarfinsu ga mai waya guda. Sai dai gajeriyar igiya ba ta cin nisa, dalili ke nan da aka fara da manyan birane.

Layin da ba a gani

Ƙarfen sabis shi kaɗai ba ya kai murya ko'ina. Dole ya miƙa ta ga cibiyar kamfani. Wani yana yin haka ta farantan nan masu siffar ganga da ke rataye a tsakiyarsa, kowanne yana kallon ɗan'uwansa a wani ƙarfen mai nisan kilomitoci, kuma dole su ga juna ido da ido. Ruwan sama mai ƙarfi yana raunana wannan hanyar. Wani kuma ta wayar fayiba da aka binne a gefen titi. Sau da yawa ƙarafan karkara a jere suke, wannan yana miƙa wa wancan, ta yadda matsala a wuri ɗaya za ta kashe garuruwa da yawa a bayansa.

Tambayar da ta dami masu wannan sana'a tun zamanin tangarahu ita ce: layi ya mutu, a ina ya lalace? A 1858 aka shimfiɗa wayar farko a ƙarƙashin Atilantika. Saƙon Sarauniya Victoria mai kalmomi 98 ya ɗauki kusan awa 16 kafin ya gama isa. Mai kula da lantarkin wayar, Wildman Whitehouse, ya ɗura mata wuta mai ƙarfin gaske, wajen bolt 2,000, cikin 'yan makonni ta mutu. William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya bi wata hanyar: ya ƙera ma'auni mai ɗan madubi da ke iya ganin wuta 'yar mitsitsiya. Hanyarsa ce ta yi nasara, kuma a 1866 aka samu waya mai ɗorewa. Bayan shekara ashirin, a 1886, irin wannan waya ta haɗa Legas da Landan.

Masu tangarahu sun samo amsar tambayar ta hanyar lissafi. Wayar jan ƙarfe tana yi wa wuta turjiya daidai gwargwadon tsawonta. Sai a haɗa lalatacciyar waya da lafiyayya a can ɗaya ƙarshen, a auna turjiyar ɓangarorin biyu daga nan, a kwatanta, lissafi ya nuna nisan wurin da wutar ke zurarewa ƙasa. Ana kiran waɗannan gwaje-gwaje da sunayen Murray da Varley, kuma har yau masu aikin kebul suna koyonsu.

Hanya ta biyu ta dogara ne da lokaci. Mai son sanin zurfin rijiya ba sai ya shiga ba. Yakan saki tsakuwa ya kasa kunne, jinkirin ƙarar ya gaya masa nisan ruwa. Haka na'urar gwajin layi take yi: takan tura ɗan bugu guda cikin waya ta jira. Duk inda wayar ta tsinke, ko ta lanƙwashe, ko ruwa ya shiga mahaɗinta, wani kaso na bugun yakan juyo baya. Da irin wannan ake gwada kebul ɗin da ke hawa daga gindin ƙarfe zuwa eriya. An ƙera kebul da eriya su dace da juna a kan awo ɗaya, om 50. Idan ruwan damina ya ratsa tef ɗin da aka naɗe mahaɗi da shi, dacewar ta ɓaci, ƙarfin da ya kamata ya fita iska sai ya riƙa komowa. Injiniya yakan ɗaura na'urarsa a ƙasa, ta nuna masa cewa matsalar tana mita kaza daga inda yake tsaye, sannan mai hawa ya ɗaura bel ya tafi kai tsaye wurin.

Fayiba kuwa zaren gilashi ne, kaurinsa kusan na gashin kai, haske ne ke gudu a cikinsa. Charles Kao da George Hockham ne suka nuna a 1966 cewa idan aka tace gilashi sosai zai iya kai haske nesa, kamfanin Corning ya ƙera irinsa a 1970, Kao kuma ya samu kyautar Nobel a 2009. Tsabtar zaren yau ta kai a yi tafiyar kilomita 15 kafin rabin hasken ya ɓace. A 1976 Michael Barnoski da Stephen Jensen suka bayyana hanyar gwada shi daga baki ɗaya, wadda ta haifar da na'urar da ma'aikata ke kira OTDR. Haske yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin gilashi. Idan ya je ya dawo cikin kashi ɗaya bisa dubu goma na daƙiƙa, ya yi kilomita 20 ke nan zuwa da dawowa, wato tsinkewar tana kilomita 10 daga nan. A allon na'urar ana ganin layi yana gangarowa a hankali, da 'yan matakai a wuraren da aka yi haɗi, sannan ya faɗi ƙasa tim a inda zaren ya yanke.

Daga nan aiki ya koma gefen titi. A ce katafilar masu gyaran hanya ce ta tsinke kebul tsakanin Jega da Aliero. Ma'aikata za su duba taswirarsu, domin tsawon kebul ya fi tsawon titi, saboda rarar da ake naɗewa a ramukan haɗi. Su tono bakin biyu, su feɗe rigar kebul ɗin, zarurruka su bayyana, kowanne da launinsa cikin launuka goma sha biyu, shuɗi ya nemi shuɗi, kore ya nemi kore. Mai haɗi yakan zauna cikin mota ko ƙarƙashin rumfa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta hunturu ta isa ɓata aikin. Ya fere zaren, ya goge shi da sifirit, ya yanke bakinsa daidai, ya kwantar da shi a injin haɗi. Injin ya daidaita bakunan biyu, ya yi tartsatsi, gilashin ya narke ya zama ɗaya. Haka zai yi wa kowane zare, ko 24 ne ko 48 ko 96, sannan a sake gwadawa daga cibiya kafin a rufe rami. Ba a leƙa bakin zaren da ido, domin hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana iya yi wa ido lahani.

Ko a teku hanyar ke nan. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a yankin gaɓar Kwaddibuwa, intanet da harkar banki suka tangaɗa a Nijeriya da maƙwabtanta. Daga tudu aka auna nisan wuraren da suka lalace, sannan jiragen gyara suka nufi can.

Rabonmu a cikin aikin

Sanin wannan yana ɗora mana nauyi. Kebul ɗin fayiba ba wayar jan ƙarfe ba ce, wanda ya tone shi don ya sayar ya jefa garuruwa cikin wahala a kan gilashin da ba mai saye. Ɗan kwangilar hanya ko magudanar ruwa da ya tuntuɓi masu layi kafin ya sa katafila, ya ceci cinikin dubban mutane. Batir da man janareta da ake sacewa a gindin ƙarfe, daga aljihun mai POS da mai albasa ake cire su. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, amma doka daga Abuja ba ta gadin rami a bakin gona. Masu unguwanni da hakimai da matasan gari su ne ke kusa.

Akwai kuma abinci a cikin sana'ar. Yaron da ya iya buɗe waya ya canja mata wurin caji a kasuwar Jega, ya riga ya mallaki natsuwar hannun da haɗin fayiba ke buƙata. Abin da ya rage masa shi ne lissafi da karatun allon na'ura. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, ga Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Ya dace su sa injin haɗi da na'urorin gwaji a hannun ɗalibai, su kuma buɗe gajerun kwasa-kwasai ga masu gyaran waya. Kowace awa da ake jiran ma'aikaci ya taso daga wani babban birni, awa ce da Katanga da Maiyama suke zaune a yanke. Idan mai awon ɗan gari ne, gyaran da ke cin kwana biyu zai iya ƙarewa kafin la'asar, ladan aikin kuma ya tsaya a gida.